Ledar da Ta Sha Guga

Auta,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ba ta ƙara wa ambulan nauyi. Muna nan lafiya. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi, yanzu da kanta take kawo mini faɗa har bakin shago, ba sai ta aiko shi daga kan gado ba. Ni ma ƙalau, in ban da bayan nan da ya fi ni sanin shekaruna. Ina fata kina cin abinci, ba karatu kaɗai ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ni da makaranta mun rabu tun ba a zo darasin waƙafi ba. Amma na fi son takarda a kan waya, don a waya kina magana kamar an biyo ki, takarda kuwa ba ta katse ni.

Saƙonki ya iso. Tun da kika ce za ki aiko na'urar da kika ƙera mai gano ƙwayoyin cuta a ruwa, na share mata kusurwa guda a shago, na matsar da teburin gogaggun kaya, na faɗa wa duk wanda ya kawo guga, har da wanda ya shigo tambayar hanya. Ranar da gidan waya suka kira, na aro baro wurin mai bulo, Tela maƙwabcina ya rufe shagonsa ya biyo ni don ya kama mini. Ma'aikacin ya shiga ciki, muka gyara tsayuwa, ya fito da ambulan. Tela ya dubi ambulan, ya dubi baro, ya ce, "Mai Guga, za ka iya kai kaɗai, ko in kama gefe?" Na ɗora ambulan ɗin a baro na turo shi har gida, don na ga turo shi wayam ya fi muni.

Da na buɗe sai na ga 'yan ledoji kamar filastar ciwo. Na zazzage ambulan ko na'urar ta maƙale a ciki. Mamanki ta ce in daina, su ne na'urar. Na karanta 'yar takardarki a hankali, inda kika ce da injin masu yanka sitika kike yanka su, sannan ki matse su a injin ɗumi irin na masu manna katin shaida, kuma duk don su yi arha. Wato Auta, na tsaya a kan dutsen guga shekara da shekaru don ki tsere masa, ashe can ma guga kike yi, sai dai taki da farar riga. Ban faɗa wa Tela wannan ba.

Hanya ta wahalar da su. Wasu sun nannaɗe, wasu sun lanƙwashe a gefe. Na ce ba za a ga kayan 'yar mai guga a yamutse ba, sai na shimfiɗa ƙyallena a kansu na bi su da guga ɗaya bayan ɗaya, wuta kaɗan, irin ta siliki. Yanzu sun miƙe sumul, ko ke sai kin yi sha'awa.

Abin da ban gane ba shi ne zancen tumbi. Kin rubuta in ɗiga ruwa in manna a cikina in wuni da shi. Da gaske kike, ko kin fara gadon ubanki?

Naki,
Baba

*

Baba,

Na gaishe ka da aiki, na gaida Mama da jiki. Ka ce mata kada ta yi saurin wurgar da sandar. Ni lafiya nake, kuma ina cin abinci, a tsaye dai.

Wasiƙarka ta same ni a ranar da nake bukatar dariya. Na karanta wa abokan aikina lokacin shan shayi, har Farfesa, malamar da ke duba aikina, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba. Baron ya ba su dariya, amma zancen gugar ne ya kayar da su, musamman “wuta kaɗan, irin ta siliki”. Wani ya kwafe layin ya manna a bango kusa da butar shayi. Kai kaɗai za ka iya ƙirƙiro irin wannan, Baba.

Zancen tumbi da gaske nake. Kowace leda hawa uku ce. A ta tsakiya na yanka hanyoyi sirara kamar gashi, idonka ba zai gan su ba. In ka ɗiga ruwa a bakin, zai bi hanyoyin da kansa ya shiga 'yan ɗakuna inda na zuba busasshen abinci da rini. In akwai ƙwayoyin cuta a ruwan, za su ci su hayayyafa, ɗakin ya koma shuɗi. Amma sai da ɗumi. A nan muna da akwatin ɗumi mai aiki da lantarki. Ma'aikaciyar lafiya a ƙauye ba ta da shi, amma tana da jikinta. Shi ya sa na yi ledar mai laushi, ta bi fata ta kwanta. Ina neman mutum mai wuni a tsaye, mai gumi, mai sunkuyo da miƙewa, a gari mai zafi. Na duba duniya ban ga wanda ya fi ka ba.

Ka gwada ruwan famfo, da na rijiyar bayan layi, da na kwata. Na kwatar shi ne muhimmi, dole ya yi shuɗi. Kafin ka yi amfani da su ka ajiye su a inuwa, nesa da teburin aikinka, don ba sa jure zafin da ya wuce na jikin mutum.

Baba, ba na so in tayar maka da hankali, amma ka sani. A ɗakin gwaji ledar tana aiki. Kwamitin makaranta sun ce wannan bai isa ba, sai sun ga ta yi doguwar tafiya ta yi aiki a hannun wanda ba ɗan cikinmu ba. In ta gaza za su rufe aikin, ni kuma in dawo gida babu takardar da na zo nema. Rinin da ya rage mini kaɗan ne.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida abokan aikinki masu dariya. Na ji daɗi da na yi musu amfani. Mamanki lafiya, ta ce sandar tana nan, ta ma samo mata wani aikin, kuma ni ne aikin.

Bangon nan da aka manna maganata, kowa da kowa ke wucewa ta wurin, ko 'yan ɗakinku kaɗai? Tambaya ce kawai.

Na yi yadda kika ce. Sai da na fara zuwa wurin mai aski, don filasta da gashi ba sa shiri. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa ciki ba, bai san ko a kujerar zai kwantar da ni ko a benci ba. Ruwan famfo da na rijiya ba su ba ni wuya ba. Na kwata kuwa, na fita da cokali da sassafe don kada a gan ni, ashe duk layin da sassafe suke fita. Ina durƙushe Tela ya tsaya a kaina ya ce, "Mai Guga, in abin ya kai haka ai sai ka yi magana, ko shayi ma saya maka." Na ce masa kimiyya ce. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Mamanki ce ta manna mini su a jere, ta rubuta sunan kowane ruwa a ƙarƙashinsa da biro, a kan fatata. Ta ce yau dai ta ga ranar tumbin nan. Haka na wuni ina guga, ina jin su suna motsi kamar na ɗauko 'yan tsaki a riga. Ba su ɓamɓare ba, gumi bai shige su ba, wannan kam ki rubuta a littafinki, mannin yana da kyau.

Da yamma na ɗaga riga. Na famfo fari. Na rijiya fari. Na kwata ma fari.

Na ce ko ban jira sosai ba, na kwana da su. Washegari na sake da sababbi, na canza kwata, na je ta bayan mahauta, wadda ko kare ratse mata yake yi. Fari tas. Na ci gaba da yi har ledojin suka ƙare, ko ɗigon shuɗi ban gani ba.

Na zauna na yi tunani irin na marasa ilimi. Ko dai kwatocin garin nan sun shiryu ba mu sani ba. Ko kuma tumbin ne. Kin san girma ne da shi kawai, ban taɓa ganin ya yi wani abin kirki ba, watakila cikinsa sanyi ne kamar tsohon firji. In haka ne ki rubuta wa kwamitin cewa laifin akwatin ɗumin ne, sun tsufa tare da mai shi.

Wannan zafin da kika ce ba sa jurewa, kamar yaya yake? Ai ke ma kin ce da injin ɗumi kike matse su. Na ɗauka abin da aka haifa a zafi ba zai ji tsoron zafi ba. Ba don komai na tambaya ba, ina son in ƙaru ne.

Naki,
Baba

*

Baba,

Ina gaishe ku duka.

Ba tumbinka ba ne. Ko da ɗuminka bai kai ba, ruwan bayan mahauta zai nuna wani abu. In duk sun fito fari, to abin da ke cikinsu ya mutu a hanya, a jakar gidan waya ko a bayan mota. Abin da kwamitin suke tsoro ke nan tun farko. Ledar da ba ta iya tafiya ba ta da amfani ga kowa.

Game da tambayarka, ina matse ledar ne tun babu komai a cikinta, kuma ɗumin injin bai kai na kofin shayi ba.

Na faɗa wa Farfesa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in rubuta abin da ya faru yadda yake kafin zaman kwamiti, in kuma fara kwashe kayana daga teburin, akwai mai jiran injin yankan. Ka tattara waɗanda ka yi amfani da su ka aiko mini, in haɗa da rahoton.

Na gode da wahalar da ka sha.

Auta

*

Baba,

Shiru ya yi yawa. Na kira waya, Mama ta ce kana aiki, na kuma jiyo muryarka kana ce mata ta ce kana aiki.

Na san abin da ke damunka. Ka share kusurwa, ka aro baro, ka faɗa wa duk layi, sai ga filasta, filastar ma ba ta aiki. Na san Tela ba zai bar ka ka sha iska ba. Ka yi haƙuri, Baba. In ba ka son a sake tambayarka, ka ce musu na canza fanni. Amma ka aiko ledojin, kuma ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko da na tsokana ne.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Mamanki lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Na fara wasiƙar nan sau da yawa, kowane farawa sai wasa ya shigo, in yage. Ashe ban iya rubutu babu shi ba. Ki daure da wannan, za ta fito a karkace.

Kin ce kin san abin da ke damuna. Ba ki sani ba. Ba ki taɓa ba ni kunya ba, ko ranar baro. Kunyar baron tawa ce, ni na aro shi.

Zancen gugar ba wasa ba ne. Na goge su. Dukkansu, ciki da baya, na kuma danna gefen da kyau don kada su sake tashi. Yadda na rubuta miki haka aka yi, ban ƙara ko gishiri ba, a wannan layin kaɗai cikin duk wasiƙar.

Da amsarki ta zo na ga har Farfesa ta yi dariya, sai na ji kamar an kwance mini zariya a tsakiyar titi. Na karanta inda kika ce ba sa jure zafi, na ninke takardar na sa a aljihu. Da na kira ki a ranar, da ba ki kwashe kayanki ba. Amma sai na ce wuta kaɗan ce, siliki ma yana tsira, watakila su yi shuɗi babu wanda ya ji. Na yi ta zuba musu ruwan kwata ina roƙonsu kamar mai jinya. Da suka ƙi, na ɗora wa tumbi, don shi ya saba.

Tun da wasiƙarki mai zancen rufe aiki ta zo hannuna ya lalace. Na ƙona rigar wani direba a kafaɗa, shatin dutsen ya fito raɗau, abin da rabona da shi tun ina koyo. Mamanki ta zo ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Ni fa na ga lokacin da kake bin ledojin nan da guga, na ɗauka ita ta ce a yi." Na ce ba ke kika ce ba. Ta ce, "To ko ka rubuta, ko in ɗauki waya, kuma ni ban iya sa wa magana sitaci ba."

Ga ledojin nan na haɗo. Na haɗo da ƙyallen da na shimfiɗa a kansu, ko zai yi miki amfani wurin bincike. Kin san shi, da shi nake goge miki kayan makaranta.

Ban san ko wannan zai gyara wani abu ba, ko an riga an ba wani injin. Ban ma san yadda ake neman gafarar 'ya a takarda ba, ba a koya mana ba kafin in bar makaranta.

Baba

*

Baba,

Na gaishe ka. Na gaida Mama, ka ce mata na gode.

Na sa ledojin a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girma. Hanyoyin duk sun narke sun haɗe, ruwa bai taɓa wuce baki ba. A saman kowace leda kuma ga saƙar ƙyallenka kwance, zare bayan zare, har da wurin da Mama ta yi masa ɗinki. Ban taɓa ganin guga mai kyau haka ba. Na daɗe zaune ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, daga baya na yi na biyun.

Ma'anarsa ita ce ba a gwada ledata ba tukuna. Ba hanya ce ta kashe ta ba. Akwai sauran dama, in na yi sauri.

Amma Baba, ka faɗa mini gaskiya a fili, da rubutun hannunka, na ɗauka na kai wa mutane su yi dariya da shayi. Ka sake tambayata zancen zafi, na amsa maka kamar ina amsa wa ɗalibi, ban tsaya na ji abin da kake son faɗa ba. Tun farko ma umarni na aiko maka, ɗiga nan, manna can, ban ga ya kamata in yi maka bayani ba sai da ka tambaya. Duk lokacin da na wuce butar shayin nan sai in sunkuyar da kai.

Ga matsalar. Kafin a dawo mini da injin sai na faɗa wa Farfesa da kwamiti dalili. Kuma duk sun san layin nan, har sun mai da shi abin faɗa, in abu ya lalace sai wani ya ce a ba shi wuta kaɗan irin ta siliki. Ba zan iya tsayawa gabansu in ce da gaske ubana ya yi ba. Na yanke shawara zan ce an ajiye ambulan ɗin a kan wani abu mai zafi a hanya, tsautsayi ne na sau ɗaya. Ƙyallen zan ɓoye. Ba sai kowa ya sani ba, daga ni sai kai sai Mama.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, don ina so wannan ta riga ki zuwa gaban Farfesa. Na ma sa mamanki ta kira ki ta ce ki dakata, ga dalilin a rubuce.

Kada ki yi. Mutanen nan hanya suke tsoro, ke kuma za ki je ki ce musu hanya ce. Ko ni da ban gama makaranta ba na ga ramin. Sannan duk wanda ya leƙa madubin nan zai ga ɗinkin mamanki, ban san motar da ke da irinsa ba.

Direban da na ƙona wa riga, da na ce masa yadin ne marar kyau, da ya yarda, don ya san ni. Da kuma ya je ya yi wa mai yadi rashin mutunci. Na ce masa ni ne. Ya zage ni iya son ransa, jiya ya kawo wando.

Ba zan ce miki ba na jin kunya ba. Ina ji har cikin haƙorana. Mutanen da ban taɓa gani ba, masu farar riga, za su san akwai wani tsoho a wani gari da ya kashe aikin 'yarsa da dutsen guga. Amma ni an yi ta yi mini dariya tun kafin a haife ki, yawanci ma ni nake fara ta, fatata ta yi kauri. Ke kuwa ba ki taɓa yi wa aikinki ƙarya ba, kada ki fara a kaina.

Ki ɗauki ƙyallen ki kai. Ki ciro takardar bangon ki haɗa, ai ita ce shaida, an faɗa musu tun farko su ma ba su ji ba. Abu ɗaya nake roƙo, in sun tambaya, ki ce gugar ta yi kyau.

Baba

*

Baba,

Ina gaishe ku. Na faɗa musu.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wanda ya kwafe layin ya kasa kallona. Farfesa ta daɗe a kan madubin, sannan ta tambayi sana'arka. Na faɗa mata. Ta ce in mutum mai kula da aikinsa ya yi haka, to wani ma zai yi, wata za ta shanya su a rana, wani zai ajiye su kusa da murhu, kuma mu ne ba mu rubuta komai a jikin fakitin ba. Na ce mata ka ce in faɗa gugar ta yi kyau. Ta ce ta gani.

Sun ba ni injin na ɗan lokaci. Ga sababbi nan, da ragowar rinin na yi su, babu wani bayansu. Kwamitin za su jira hoto daga wurinka. In na kwata ya yi shuɗi, aikin ya tsira.

Za su iso a lanƙwashe, Baba. Ka duba bayan fakitin kafin ka yi fushi da ni.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga ni, da mamanki, da mai aski, wanda yanzu yake ganin da shi ake binciken.

Na je gidan waya a ƙafa, hannu a aljihu. Mamanki ce ta buɗe ambulan, ta ce in tsaya daga bakin ƙofa tukuna. Ta manna mini su da safe, ta yi rubutunta na biro, na tafi shago. Ranar ban yi wa kowa wasa ba, har wata mata ta tambaya ko an yi mana rasuwa.

Na yi niyyar in jira sai na koma gida, amma da rana ta karkata na kasa. Ina tsakiyar goge wani zanen gado, shago cike da masu karɓar kaya, na ajiye dutse na ɗaga riga. Na famfo fari. Na rijiya ya ɗan yi duhu a ɗaki ɗaya. Na kwata kuwa shuɗi, Auta, shuɗi kamar an zuba bula. Ban san lokacin da na fita titi riƙe da riga a haɓa ba. Tela ya leƙo ya ce, "Mai Guga, rufe mana, akwai yara." Sai ya matso ya duba da kyau, ya ce, "Wannan na tsakiyar, rijiyar da muke ɗiba ce?" Na ce ita ce. Yau da safe na ga matarsa tana tafasa ruwa. Ya tambaya ko akwai saura a gwada tankin gidan surukansa. Na ce sai na tambayi mai na'ura.

Ga hotunan nan, mamanki ta ɗauka da wayarta, ta kuma tura miki tun jiya don kada kwamitin su gaji da jira. Ki yanke fuskar kafin ki nuna. Tumbin ya ce shi a bar shi, ya daɗe yana jiran wannan rana.

Na duba bayan fakitin. Ɗan dutsen guga, an ja masa layi biyu a gicciye, wato kada a goge. Auta, kalmomi da yawa sun fi ƙarfina, amma alamar nan na san ta tun kafin in san mamanki. A wuyan riga take zama, kuma ban taɓa ƙetare ta ba ko sau ɗaya. Tela ya gani ya ce ashe har hotona an sa a kimiyya. Na yi dariya don ya ji daɗi. Da ya tafi na zauna na daɗe ina kallonta. Duk inda ledar nan ta je a duniya, da ni za ta je, kuma ga dalilin. Ban yi fushi ba. Ki bar ta, ki ma ƙara mata girma.

Akwai guda biyu da suka rage, na ajiye su a kan kanta, can nesa da tebur, har sai kin ce ga abin da za a yi da su. Ɗaya ta nannaɗe kamar busasshen ganye, ɗayar kuma kusurwarta ta tashi. Kullum sai na wuce ta gabansu in na je ɗauko gawayi. In na zo daidai wurin sai in sa hannu a aljihu.

Suna nan a yamutse.

Naki,
Baba